Na Je Dutsen Musa Neman Ƙanƙarar Hajja Batul

Litinin: daga Arba wa Nus zuwa ramin Suez

Ƙarfe shida saura kwata na asuba muka fito daga gida a unguwar Arba wa Nus ta Alƙahira, ni da Hajja Batul, bayan mun yi salla. Sanyin Janairu a Alƙahira ba ya wasa, safa biyu na sa. An ce mota za ta tashi shida daidai a bakin titin Suez. Ba ta tashi ba sai shida da rabi, don wata mata ta manta fasfonta ta koma ɗaukowa.

Ku na gida da kuke ta tambayata me ya kai ni Sina'i a tsakiyar sanyi, ga dalili. Yaya Asma'u tana da cikin wata bakwai, kuma jininta ya hau. Likitar da take zuwa awo wajenta ta rubuta mata ƙwaya, safe da yamma. Ina gyara mata gado na tarar da katin maganin a ƙarƙashin katifa, mako uku ba a ɓalle ko ɗaya ba. Ga ƙafafunta sun kumbura, ga ciwon kai kullum. Da na tsare ta, ta ce tsoro take kada maganin ya taɓa yaron, kuma ai tana shan abin da ya fi shi. Abin da ya fi shi ɗin ruwa ne a robar lemo, wanda maƙwabciyarmu Hajja Batul take kawo mata tun watan Agusta. Hajja Bahaushiyar Sudan ce, a Gadarif aka haife ta. Ta ce ruwan daga ƙanƙarar saman Dutsen Musa yake, ƙanƙarar da ba ta ƙarewa, zafi da sanyi, tun zamanin Annabi Musa.

Ni ban yi jami'a ba, amma na yi labarin ƙasa a sakandare. Malaminmu ya rubuta mana a allo cewa a duk Afirka ƙanƙarar da ke shekara a kan dutse wuri uku take: Kilimanjaro, Dutsen Kenya da Ruwenzori. Bai ce Masar ba. Na faɗa wa Yaya haka, ta tambaye ni ko malamin namu ya taɓa zuwa. Mijinta ya yi mata magana, ta ce to, ya koma kan littattafansa don jarrabawa suke, ita kuma ta ci gaba da ruwanta. Da na ishe ta ta ce, "Rabi, je ki gani da idonki. In babu ƙanƙara zan koma kan maganin. In akwai, ki ƙyale ni." Hajja tana zaune aka yi maganar, ta ce ita za ta raka ni. Saurin yardar da ta yi shi ya fara damuna.

Mikrobas ce mai kujeru goma sha huɗu, mu tara ne a ciki, duk masu ziyara. Direban Bamasare ne, Hamada, kuma a cikin mota na gane shi ne mai kawo wa Hajja ruwan. Jarkoki huɗu shuɗɗa na gani a ƙarƙashin kujerar baya, babu komai a ciki. Na zaɓi kujerar da ke bayansa don in ji duk abin da za su ce da Hajja. Larabcina na kasuwa ne, amma ya ishe ni kama ƙarya.

Takwas da minti goma muka isa shingen da ke gaban ramin da ya bi ta ƙarƙashin mashigin Suez. Aka sauke mu da jakunkunanmu, kare ya shinshina, wani jami'i ya karɓe fasfo ya daɗe yana duba iƙamata, wato takardar izinin zamana. Ya tambaye ni me zan je yi, na ce ziyara. Bai tambayi jarkoki ba. Minti arba'in muka yi a wajen.

Ras Sudr da Wadi Firan

Goma saura muka tsaya a Ras Sudr muka karya da ful da ta'amiyya, wato dafaffen wake da ƙosansu, shayi jine goma sha biyar kofi a kuɗin Masar. Hamada ya ja Hajja gefe suna magana ƙasa-ƙasa. Na ɗauki kofina na je na tsaya a kansu. Ashe cewa yake ta bar 'yar nan ta zauna a masauki, hawan dutsen ba na mata ba ne, shi zai kawo mana ƙanƙarar har ɗaki. Na ce masa da ƙafata zan hau.

Ya yi dariya ya ce, "Tamam, ya anisa. Ke 'yar sanda ce?"

Na ce a'a, ƙanwar mai ciki ce.

Daga nan teku na damanmu, duwatsu na hagu, muka wuce Abu Zanima da Abu Rudes, shinge biyu, kowanne sai an karɓi fasfo. Sha biyu da 'yan mintuna muka bar bakin teku muka shiga Wadi Firan, kwari ne mai dabino tsakanin jajayen duwatsu. Can sai ga wani dogon dutse mai tsini-tsini a hannun dama. Hajja ta ɗaga hannu ta fara salati, har da hawaye, mata biyu suka bi ta. Hamada ya leƙa madubi ya ce wannan Sirbal ne, Dutsen Musa saura kilomita kusan sittin.

Na juya na kalle ta. "Hajja, wai kin taɓa zuwa kuwa?"

"Ni na ce miki na taɓa zuwa? Cewa na yi na san wajen."

"A ina kika san shi?"

Ta gyara lulluɓinta ta ce in rage baki, ba a yi wa manya tambayar alƙali. Na ƙulla a raina cewa ɗayan biyu ne: ko ba ta san abin da take ba mutane ba, ko kuma ta sani tana yi min wasan kwaikwayo.

Garin Katrin

Biyu da kwata muka shiga gari, bayan shinge na ƙarshe. Daga Alƙahira kilomita ɗari huɗu da wani abu ne. Ƙaramin gari ne a cikin kwano, duwatsu sun zagaye shi, kuma duk inda na ɗaga kai ban ga fari ba sai ja da ruwan ƙasa. Raina ya ɗan yi sanyi.

Masaukin na Badawiyyai ne, ɗakunan dutse, gado biyu da bargo uku-uku. Aka kawo mana miyar adas, wani ƙaramin wake, da shinkafa da kaza. Ruwan alwala kamar ya yanke yatsu. Sauran 'yan motarmu suka shirya hawa cikin dare don su ga fitowar rana daga sama, haka aka saba yi. Na ce ni ba rana na zo gani ba, ina ganinta a Arba wa Nus, da safe zan hau ina ganin inda nake taka ƙafa. Hamada ya ce yana da aboki ɗan jagora, mutumin kirki, zai haɗa mu. Na ce na gode, ba na so.

Talata: hawan dutse

Takwas da rabi muka isa gindin dutsen, kusa da tsohon gidan ibadar Kiristocin nan mai dogayen katangu. Ba a hawa sai da ɗan jagora, kuma layi suke bi. Na ce a ba ni wanda layi ya zo kansa, in dai ba Hamada ya turo shi ba. Aka ba mu wani dattijo siriri mai jan rawani, Ammu Salim. Kafin mu ɗaga na tambaye shi ko ya san Hamada. Ya ce Hamada nawa ne a Masar.

Hajja ba ta iya tafiya mai nisa saboda gwiwa, aka ɗora ta a raƙumi. Da ya miƙe da ita ta kira sunan Allah kala-kala, ta riƙe sirdi da hannu biyu. Ni na bi a ƙasa. Hanyar tana ta lanƙwasa, kowace kwana akwai rumfar shayi da masu ba da hayar bargo. Ban gaya wa Ammu Salim abin da ya kawo ni ba, don kada ya faɗa min abin da nake son ji. Na dai leƙa bayan rumfuna biyu ko zan ga firji. Babu ma wuta a wajen.

Bayan awa biyu da rabi hanyar raƙumi ta ƙare. Daga nan matakala ce ta dutse, ɗari bakwai da hamsin in ji su, ban ƙirga ba, numfashi nake nema. Hajja ta gwada goma ta zauna. Muka bar ta a rumfa ta ƙarshe, an naɗe ta a bargo, filas ɗin shayinta a cinya.

Sha biyu saura minti goma na taka saman Dutsen Musa. Ɗan masallaci ne da 'yar majami'a, sai iska mai shiga kunne. Na zagaya ko'ina, na leƙa kowane lungu. Dutse ne busasshe ƙayau. Na fito da waya na ɗauki bidiyo ina cewa, Yaya ga shi, babu komai. Har na fara tsara yadda zan miƙa mata ƙwayar.

Ammu Salim ya tsaya yana jina. Ya tambaye ni me nake nema, na ce ƙanƙara. Ya juya ni da sandarsa wajen wani dutse da ya fi namu tsawo, ya ce wancan Katrin ne, babu wanda ya kai shi a duk Masar. A jikinsa akwai fararen layuka a cikin kwazazzabai, kamar an zuba gari. Na ce gishiri ne ko farar ƙasa. Ya ce dusar ƙanƙarar da ta sauka kwana tara da suka wuce ce. Na ce wannan ai can ne, ni Dutsen Musa aka ce min.

Ya ce, "Ta'ali, ya binti." Wato in biyo shi.

A hanyar sauka ya bar matakala ya ratse dama, ya shiga wata tsaga tsakanin duwatsu biyu inda rana ba ta leƙawa. A ƙasan tsagar akwai ɗan kwarmi kamar faɗin tabarmar salla, ruwan cikinsa ya daskare. Na durƙusa na ƙwanƙwasa da ɗan yatsa. Ƙanƙara ce. Abu na farko da ya zo min shi ne wani ya riga mu zuwa ya ajiye ta. Na duba da kyau: ta manne da dutsen ta ko'ina, akwai busasshen ganye da yashi a daskare a cikinta. Ba wanda ya ɗauko wannan daga firji.

Na zauna a wajen, sanyi na ratsa zanena. Bidiyon farko yana cikin wayata. In na nuna wa Yaya shi kaɗai, magana ta ƙare, ta koma kan magani. Hajja ba ta hau ba, ba ta ga komai ba. Na daɗe ina juya wayar a hannu. Amma ni da na zo kama ƙarya, in koma da tawa, kuma in Yaya ta gano daga baya ba za ta ƙara karɓar ko ruwa daga hannuna ba. Na ɗauki bidiyo na biyu.

Sai na tambaye shi ko tana nan duk shekara. Ya yi dariya har da tari. Ya ce wannan in ta kai mako mai zuwa ta yi ƙoƙari. Ya zauna a kan dutse ya rarraba min da sandarsa. Katrin ne ke riƙe dusar ƙanƙara fiye da kowa, a kwazazzaban da ke kallon arewa, wani lokaci makonni. Dutsen Musa kwanaki ne, kuma a irin wannan tsagar kawai, gefen da ke kallon rana kafin azahar ya bushe. Duwatsun da ke yamma da gari sukan samu in shekara ta yi sanyi. Sirbal da muka wuce bai kai su tsawo ba, da wuya ya yi fari. Wata shekarar ma ba ta sauka ko'ina. Da sanyi ya wuce, ya ce, ba za ki samu ta cika cokali ba a duk Sina'i, shekara talatin yana hawa bai taɓa gani ba, ubansa ma bai gani ba.

Ya fasa min guda uku da dutse, na naɗe a gefen mayafina muka sauka.

Hajja na ganin ƙanƙarar ta miƙe, ta manta da gwiwa. Ta shafa a fuska, ta shafa a ƙafa, ta ce, "Kin gani, ya bitti? Kin gani?" Ta zubar da shayinta muka zuba ƙanƙarar a filas. Na ce na gani, amma ta tambaye shi da bakinta, ita da Larabci ya zauna mata, ko akwai wannan a watan Agusta.

Ta tambaya. Ya ce a Agusta awaki ma inuwa suke nema. Ta sake tambaya ta wata hanya, ya ba ta amsa ɗaya. Ta ce to wani direba yana kawo mata ruwan ƙanƙara duk bayan mako biyu, shekara biyu ke nan. Ammu Salim ya ce shi ba zai yi wa kowa shaida ba, amma bai taɓa ganin direba a kan dutsen nan ba, a mota suke kwanciya su jira fasinja. Hajja ta hau raƙumi muka kama hanyar sauka. Na yi ta kallon fuskarta a kan raƙumi, ina neman alamar ko kunyar kamawa ce ko baƙin ciki. Ban iya rabewa ba.

A ƙasa Ammu Salim ya ce sai mun sha shayi a gidansa, yana bayan gari kaɗan. A nan na gaya masa maganar Yaya duka. Ya kira mahaifiyarsa, tsohuwa tukuf cikin baƙaƙen kaya, ya maimaita mata. Ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin alewa, ta buɗe. Katin ƙwayoyi ne a ciki, rabi an ɓalle. Ta ce a gindin dutsen nan aka haife ta, ruwansa ta sha duk rayuwarta, ta sha na rijiya ta sha na ƙanƙara, kuma jininta ya hau duk da haka. Duk wata ɗanta yana karɓo mata magani a asibitin gari. Na roƙi in ɗauki muryarta, ta ce murya kawai, ban da fuska. Na ɗauka, Hajja ta fassara a gefe, muryarta ƙasa-ƙasa.

Laraba: komowa

An ce tashi takwas. Bakwai da rabi ina ɗaure jaka Hajja ta leƙo ta yafito ni da hannu. Na bi ta bayan kicin ɗin masauki. Ga Hamada a tsugune da tiyo, jarkoki uku sun cika, ta huɗu tana kan hanya. Tiyon daga tankin masauki yake, tankin da motar ruwa ke cikawa, wanda muka yi alwala da shi.

Ya ɗago ya gan mu, bai ko saki tiyon ba. Ya ce ma'alish ya Hajja, ai duk ruwan garin ne, albarkar ɗaya ce, iska ɗaya ke kaɗa su.

Hajja ta dube shi. Ta ce, "Shekara biyu ina shafa wa gwiwata ruwan tanki. Wannan ni ya shafa. Amma na ɗauka na ba mai ciki, ta ajiye maganinta saboda maganata." Ta yi masa Larabcin Sudan mai yawa da ban kama ba, muryarta ba ta tashi ba. Sai ta tura jarka ɗaya da ƙafa, ruwan ya malale har ƙarƙashin takalminsa. A nan na sauke mata zargin da na ɗauko tun daga Alƙahira. Na Hamada kuwa yana nan.

Abin haushin, motarsa ce dai za ta mai da mu. Takwas da ashirin muka tashi. Na karɓi fasfon Hajja na haɗa da nawa, a kowane shinge ni nake miƙawa da hannuna, ban yarda ya bi ta hannunsa ba. A Ras Sudr da aka tsaya salla muka yi bi da bi, ɗaya na salla ɗaya na zaune a mota, kada mu fito mu tarar ya yi gaba. Jarkoki uku sun biyo mu a ƙarƙashin kujera, ina jin ruwan yana kaɗawa a kowace kwana. Ban san wa zai kai wa ba. Na ce wa Hajja duk matar da ta taɓa ba ruwan nan sai ta je ta gaya mata, ta ce ba sai na koya mata ba.

Huɗu da rabi muka sauka a bakin Arba wa Nus.

Yaya tana kwance a falo, ƙafafu a kan matashi. Ko sannu da zuwa ba ta gama ba ta tambaya, akwai ko babu.

Na ce akwai.

Ta yi murmushi ta ce to alkawari. Na ce ta tsaya, ban gama ba. Na nuna mata bidiyo biyun, na kunna mata muryar tsohuwa. Ta saurara, amma na ga ba ni take jira ba, Hajja take kallo. Hajja ta zauna a ƙasa kusa da ita, ta kama ƙafarta mai kumburi, ta faɗa mata maganar Agusta da ta tiyo, ba ta rage komai ba. Ta roƙi Yaya ta yafe mata, ta ce kuma in ta ƙara kwana ɗaya ba ta sha maganin likita ba, alhakin yaron nan a wuyanta ita Hajja zai hau, kuma ba za ta iya ɗauka ba.

Yaya ta juyo wajena. Can ta ce, to ta gasken fa, ba ku kawo min ba?

Na buɗe filas. Ta narke, saura 'yar guntuwa kamar ƙwayar dabino tana yawo, yashi ya kwanta a ƙasa. Na tace, na tafasa, na bari ya huce. Yaya ta tambaya ko tafasawa ba ta cire albarka, Hajja ta ce ita ta daina ba da fatawa a kan ruwa. Rabin kofi ya fita. Na ɓalle ƙwaya ɗaya na sa mata a tafin hannu, na miƙa mata kofin, ta haɗiye. Washegari na raka ta awo, na gaya wa likita gaskiyar mako ukun da bakina, ta yi mata faɗa sosai, ta ce mu dawo bayan kwana uku a sake aunawa.

Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Ammu Salim da mahaifiyarsa, da Hajja Batul da ta hau raƙumi da ciwon gwiwa kuma ta faɗi gaskiya a kan kanta. Ku na gida ku ci gaba da yi wa Yaya addu'a, saura wata biyu. Maganin yanzu a jakata yake. Safe da yamma ni nake ba ta da hannuna, kuma sai ta buɗe baki ta ɗaga harshe na duba.